Miyar Laimar Kwaɗi a Ƙofar Asibiti

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na naɗa wa kaina likitanci. Taksi nake ja a Yamai, lekol kuwa a aji shida muka rabu, amma kunnena ya fi na kowa ilimi.

Wata safiya na ɗauko mata biyu daga unguwar Dar es Salam. Suna hira a baya, na ji ɗaya tana cewa akwai wani sinadari mai kama da sitaci da ake tatsowa daga naman kaza, wato irin laimar kwaɗin nan da ake ci, ana gwada shi ko zai rage kumburi idan ƙwayoyin cuta sun mamaye jini har jiki ya fara sakewa. Rabin hirar da Faransanci suka yi. Rabin da na gane na adana.

Bayan sati biyu ciwon nan ya kwantar da surukina, Baba Alhaji, a ɗakin da ba a barin kowa shiga. Dangi suna tsakar asibiti suna addu'a, ni kuwa ina neman ranar da za su daina ce mini "mijin Rabi mai taksi". Na koma unguwarmu Banifandou, na tsinko laimar kwaɗi a gindin katanga (ai duk laima ce, in ji ni), na dafa da kaina har da yaji.

Na dire kwanon gaban surukata. "Inna, turawa sun gano maganin. In an hana mu ba shi, mu ɗauke shi mu tafi gida."

Wallahi har ta fara naɗe tabarma.

Sai lokotoron, wato likitar da ke duba Baba, ta fito. Fasinjata ce, wadda ta yi zancen sinadarin. Ta buɗe kwanon, ta dube ni.

"Taksiman, ba kai ka ɗauke mu rannan ba?"

Na ce ni ne, har da gyara wuyan riga.

"A kan ɓeraye ake gwajin, kuma tacewa ake yi, ba miya ba. Surukin naka ɓera ne? Wannan ma mai dafi ce. Da ya sha, da ka raba shi da ciwon da duniyar gaba ɗaya."

Inna ta sake shimfiɗa tabarmarta.

Allura da ƙarin ruwa suka tashi Baba, da ikon Allah. Na je na durƙusa neman gafara, ya ce ya yafe, amma har yau in na kai masa ko goro ne sai ya tambaya: "Saye ka yi, ko tsinkowa?"

Sunan "mai taksi" ya bi ruwa kamar yadda na so. Yanzu Dokta suke ce mini. In fasinja suka fara hira kuwa, rediyo nake ƙarawa.