Daga Dama Ake Farawa

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin nan ba, ko na so in manta ma 'yan layinmu a kasuwar Garwa ba za su bar ni ba. Ni mai yankan gilashi ne, abin da a nan ake ce wa bitiriye. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan sana'a: tagogin gidaje, madubin shagon aski, akwatin masu sayar da waya, babu irin wanda hannuna bai taɓa ba. Kuma in faɗi gaskiya, ina da ɗan ji da kai. (Matata ta ce wannan "ɗan" ɗin ƙarya ne, a cire shi.)

Wanda ya jawo mini aikin shi ne Baba Deli, maƙwabcinmu tun kafin a haife ni. Mutumin duwatsun can gaba da garin Gidar ne, Kirista, tsohon katikis, wato mai koyar da addini a ƙarƙashin Fada, limamin wata coci ta unguwarmu. Katanga ɗaya ta raba gidansa da na marigayi babana. Da Babbar Salla mu kai musu nama, da Kirsimeti ya kawo kajinsa da rai a yanka a gidanmu, don in an dafa mu ma mu ci. Shi ke riƙe da makullin cocin shekara talatin, shi ke buɗewa shi ke rufewa.

Wata safiya ya zo shagona ya ce tagogin cocinsu guda huɗu masu gilashin launi suna neman faɗowa, ƙarfen da ke riƙe da su ya yi tsatsa. Ana so a cire su, mai walda ya yi sabon ƙarfe, a gyara inda ya tsage, a mayar kafin bikin tunawa da gina cocin. Bai ɓoye mini ba, ya ce kwamitinsu bai so ni ba. Shugaban kwamitin, wani Misye Gaston, ya dage sai an ɗauko mutum daga Yawunde, wai me Bahaushe Musulmi ya sani game da tagar coci. Baba Deli kuma ya miƙe a gaban kowa ya ce shi ya tsaya mini, in na ɓata aikin zai ajiye makullin. Da na ji haka, maimakon gabana ya faɗi, kaina ne ya ƙara girma. Na ce ya kwantar da hankalinsa, wannan ai ƙaramin alhaki ne.

Ya kai ni cocin da hantsi, lokacin da rana ke bugo tagogin. Suna jere a bango ɗaya, girmansu ɗaya. Ya tsaya yana ba ni tarihinsu, ni kuma ina kan tsani da awo a hannu ina ta "to, to, Baba" irin ta wanda hankalinsa ke wani wuri. Duk da haka wani abu ya shiga kunnena. Ya ce da mutanensu suka sauko daga dutse neman aiki a Garwa ba su da ɗakin addu'a, a gindin wata tsamiya kusa da kogin Binuwai suke taruwa. Da suka gina cocin da hannunsu, wani Fada Bature ya sa aka kawo gilasai masu launi a jirgin ruwa, zamanin da jirage ke isowa Garwa da damina. Rabinsu suka farfashe a hanya. Wani maƙeri cikin mutanensu ya ce ba za a zubar ba, ya zauna da Fadan suka yayyanka ɓaraguzan suka haɗa su da darma. Da koren ya ƙare, gindin kwalabe suka sa, har yanzu in ka shafa za ka ji tudunsu.

Fadan ya so a zana waliyyai irin na ƙasarsu, tsofaffi suka ƙi. Suka ce a zana labarinsu, tunda yawancinsu ba su iya karatu ba, jikokinsu kuma wata rana za su tambaya daga ina aka zo. Shi ya sa taga ta farko dutse ce, da gonakin dawa hawa-hawa da rumbuna masu tsinin kai. Ta biyu hanya ce, mutane a jere da kaya a ka, a gabansu wata mata ɗauke da tulu. Baba Deli ya ce mahaifiyarsa ce, maƙerin ya san ta. Ta uku tsamiya da shuɗin kogi. Ta huɗu cocin kanta, ƙofarta a buɗe. Har launukan ya fassara mini: ja wahalar da suka baro, rawaya dawar da ta raya su, shuɗi ruwan da aka yi musu baftisma.

Da zan cire su ya ce ko in sa wa kowace lamba a baya don kada su rikice. Wallahi har yau in na tuna amsar da na ba shi sai in ji kamar in mari kaina.

"Haba Baba, taga huɗu ce fa, ba arba'in ba. Dutse, hanya, tsamiya, coci. Wannan ko akuya aka faɗa wa sau biyu ta haddace."

Ya yi murmushi ya ce to, ɗana, kai ka san aikinka.

Mako uku suka yi a shagona, kuma a nan dole in yabi kaina tunda babu mai yaba mini: na yi aiki. Na wanke kowane yanki da hannu, na sake darmar da ta saki, na yi yawo har na samo shuɗin da ya dace da na kogin. Ranar da zan mayar da su Baba Deli ya tafi garin Gidar don jana'izar wani ɗan'uwansa, ya bar wa matarsa makulli ta buɗe mini. Na shiga, na tsaya ina fuskantar ramuka huɗu a bango, na yi bisimilla a zuciyata, na ɗauki tagar dutse na kafa ta a ramin farko. Ramin farko kuwa a wurina shi ne na hannun dama.

To, mai karatu, kafin ka yi mini dariya ka saurare ni. Aji biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, na gudu. Karatuna na allo ne, littafin da nake rubuta awo a ciki ma da ajami nake cika shi. Tun ina yaro, in na fara sa takalmin hagu sai na sha ranƙwashi. Shiga masallaci da dama, rabon goro a taro daga dama, gaisuwa a zaure daga dama. Ban zauna na yi shawara ba, hannuna ne ya tafi inda ya saba. Dutse a dama, sai hanya, sai tsamiya, coci can a ƙarshen hagu.

Abin haushin shi ne Allah ya nuna mini alama na ƙi gani. Da na sauko na ja da baya, na lura mutanen da ke kan hanya duk dutsen suke fuskanta. Mai hankali zai tsaya ya ce anya kuwa. Ni sai na ce wa kaina ai waiwaye suke yi, kewar gida ce, har na jinjina wa maƙerin nan da ya san zuciyar baƙo. (Ka ji fa. Na ɓata wa mutum aiki, kuma na tsaya ina yaba masa a kan ɓarnar da na yi.) Masu shafa farar ƙasa na jira a waje, sai na rufe tagogin da takardun buhun siminti don kada a ɗiga musu. Kwamiti ya ce a bar su a rufe har ranar biki, a yaye a gaban jama'a.

Ranar Lahadi aka gayyace ni. Na ci ado, babbar riga ta shadda wadda ko ɗaurin aure ba kowanne nake sa wa ba, ga zafin Garwa na watan bazara. Aka zaunar da ni a layin gaba, kafaɗa da kafaɗa da Misye Gaston, muka gaisa da "jam na, jam" ta Fulatanci, kowa na kallon gabansa. Coci ta cika maƙil, mata da anko, ganguna na tashi. Bayan an gama addu'o'i Fada ya kira Baba Deli ya ba da tarihin tagogin kamar yadda yake yi kowace shekara. Aka sa doguwar gora aka yaye takardun. Rana ta ratso, ja da shuɗi da rawaya suka zubo har kan tufafin mutane, mata suka rangaɗa guɗa. Na gyara zaman hulata, na saci kallon Misye Gaston don in ga yadda kunya ke kama mutum.

Baba Deli idonsa ya yi rauni, kuma labarin da ka shekara talatin kana bayarwa ba ka bukatar dubawa. Ya juya wa tagogin baya, ya fuskanci jama'a, ya ɗaga sandarsa ta kan kafaɗa ya nuna tagar ƙarshen hagu, inda dutse yake tun ranar da aka gina wurin.

"'Ya'yana, ku dubi nan da kyau. Nan ne muka sha yunwa da ƙishirwa har muka kasa zama. Nan muka gudo muka bari."

Sandar kuwa a kan hoton coci take. Fada ya yi tari. Baba ya matsa taga ta gaba ya ce ga mahaifiyarsa da tulunta, sanda na nuna gindin tsamiya. Gunaguni ya fara tashi daga baya. Ni a lokacin ban ma gane ba, cewa nake tsufa ne ya kama Baba, har tausayinsa na ji. Sai da ya juya ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. Yadda su suke karantawa, daga hagu, ga abin da bangon ke faɗa: an fito daga coci, an koma gindin bishiya, an ɗauki kaya a ka, mahaifiyar Baba Deli a gaba, an nufi dutse.

Wani mutum daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Wato mu kwashe kayanmu mu koma dutse ke nan."

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san wannan magana. In faɗa ya yi zafi a kasuwa, akwai marasa kunyar da ke jefa wa mutanen nan ita, su koma dutsensu. Ga shi ni, Bahaushen da aka yi gardama a kansa, na rubuta musu ita da launi a bangon ɗakin ibadarsu.

Da na yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina, sai na ji ni tsaye, babbar riga na ta ƙara, baki ya riga hankali.

"Jama'a, ku yi haƙuri, ai daidai suke. Ku ne kuke karantawa ta baya. Daga dama ake farawa."

Na shigo gidan mutane, na juya musu tarihi, sannan na miƙe na sanar da su cewa su da kakanninsu ne ba su iya karanta shi ba. Wata tsohuwa ce ta fara tuntsirewa da dariya, wasu suka bi ta, wasu kuwa fuskarsu ko motsi ba ta yi ba. Misye Gaston kuwa tafin hannunsa biyu kawai ya buɗe wa 'yan kwamiti. Na koma na zauna ina fatan ƙasa ta tsage in shige, gumi na bin bayana.

Baba Deli ya taka a hankali zuwa ƙarshen dama, ya ɗora sandarsa a kan dutse, ya ba da labarin daga can har ƙarshe. Da ya gama ya gaya musu cewa ya san ni tun ina rarrafe, mutanenmu komai daga dama suke fara shi, babu wata manufa a ciki. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ya ajiye a gaban Misye Gaston. Shi kansa Misye Gaston abin ya yi masa nauyi, ya ce a bar maganar, Fada ma ya sa baki. Baba ya ce magana zarar bunu ce, shi ya faɗa a gaban mutane, a gaban mutane zai cika. Wannan ya fi dariyar ƙona mini rai nesa ba kusa ba.

Washegari tun ƙarfe shida na iso da tsani da kayan aiki. Ƙofa a kulle. A gindin darbejiyar da ke bakin ƙofar na tarar da Baba Deli zaune a kan dutse, ƙafarsa ta kawo shi kamar kullum, ya iso ya tuna babu abin buɗewa a aljihunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na fara jero ban haƙuri, ya ɗaga mini hannu ya ce in zauna. Muka zauna muna jiran Misye Gaston, wanda bai iso ba sai wajen ƙarfe goma, rana ta riga ta fara cin mutum. Can cikin jiran Baba ya dube ni.

"Ɗana, tun zamanin babanka nake faɗa musu ku ba mugaye ba ne. Jiya da ka miƙe ka yi magana ka taimake ni, kowa ya yarda ba mugunta ba ce. Yanzu saura in nemo abin da zan ce musu game da hankalinku."

Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka, na sunkuyar da kai ina wasa da abin yankan gilashi.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya ishe ni. In za ka taɓa tarihin mutane, ka tambaye su ta ina suke farawa, kada ka bar wa hannunka. In kuma ka tafka kuskure a gidan wani, ka zauna a inda aka ajiye ka ka rufe bakinka. A kasuwa yanzu ko goro na miƙa wa mutum sai ya tambaye ni ta wane gefe zai fara ci, na haƙura da wannan, ni na saya da kaina. Tagogin cikin kwana biyu na mayar da kowace wurinta. Baba Deli kuwa har yau, duk safiya, a waje yake zama yana jira a zo a buɗe masa.