Dutsen Lorne da Ba Ya Son Zafi

"Ni fa ba sai na ɗauko gilashin ƙara girma ba kafin in gane dutse," in ji Lorne Kowalchuk, yana murɗa gashin bakinsa. "In lasa sau ɗaya, in gaya muku sunansa, da danginsa, da ramin da aka haife shi. Harshen nan da kuke gani jami'a ce guda."

Ranar taron wata-wata ce na ƙungiyar masu tsintar duwatsu ta garinmu, kuma babu wanda ke zauren da bai ji wannan magana sau ɗari ba. Lasar dutse ba abin kunya ba ne a wurinmu, kowa na yi, don yawu na fito da launi, gishiri kuma ba ya ɓuya a harshe. Amma Lorne ya mai da abin sana'a. Mutumin da ya taɓa lasar wani dunƙule a bakin hanya, ya rantse ƙashin dabbar zamanin da ne, ashe busasshen kashin saniya ne. Shi ya sa a bayan idonsa Farfesa Lashe-Lashe ake ce masa. A gaban idonsa ma haka ake cewa, sai dai shi Farfesan kaɗai kunnensa ke ɗauka.

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya, wato Gudumar Zinariya. Tsohuwar guduma ce aka shafa mata fenti, ana ba wanda ya kawo ma'adini mafi wuyar samu a baje kolin watan Janairu. Shekara shida ke nan tana rataye a falon Wendell, ƙanin matarsa Darlene, wani siririn makanike mai dariyar ƙeta.

"Yaya Farfesa," in ji Wendell, "bana me za a lasa mana?"

Lorne ya miƙe tsaye, ya gyara bel a ƙarƙashin tumbi. "Meridianiite."

"Allah ya ba ka lafiya."

"Ba atishawa na yi ba, jahili! Sunan ma'adini ne. Ɗan gidan salfet ne, dangin gishiri mai ɗaci, ɓangaren masu riƙe ruwa a jiki. Gishirin Epsom ɗin nan na kantin magani, na wankin ciki, ƙaninsa ne. Shi ruwa bakwai yake riƙewa, nawa kuwa goma sha ɗaya. Daga wani fili a duniyar Mars aka ɗauko masa suna, amma ga shi nan a bayan gidanmu, a tafkunan Basque. Kuma ɗan gata ne, ba ya son zafi. Da ya wuce digiri biyu, sai ya saki ruwansa ya zube."

"To a hannun wa zai iso nan bai zube ba?"

"A hannun masani! In ban ɗauke gudumar nan ba, wallahi in aske gashin bakin nan a gaban kowa."

Gashin bakin Lorne shekararsa talatin, shi ake fara gani kafin a ga Lorne. Darlene, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana tsince shi daga cikin miya, ta ɗaga kai daga saƙarta ta ce, "Sakatare, rubuta."

Ranar Asabar da safe suka hau a-kori-kura shi da Darlene, sai tafki. Ya kuwa sami ma'adinin, kada in ci haƙƙinsa. Jikin wani guntun itace da ya leƙo daga cikin ƙanƙara, ga tsinkaye nan farare ƙal, suna ƙyalli kamar fasasshen gilashi. Lorne ya durƙusa ya lasa, ɗaci ya murɗe masa fuska, ya yi ihun murna har tsuntsaye suka watse. Ya ɓamɓaro mai kyau, ya naɗe a hankici, ya cusa a aljihun wando.

"Maigida, aljihu?" in ji Darlene.

"Don kada ya karye. Ke dai ja mota, ki bar kimiyya ga masu ita. Kuma ƙara zafin hitar motar nan, yatsuna sun mutu."

Da suka tsaya shan kofi a gidan mai, Farfesa ya sauko yana tafiyar ƙasaita, wando sharkaf daga aljihu har gwiwa. Matar da ke sayar da kofi ta dube shi sama da ƙasa, ta sassauta murya saboda tausayi. "Baba, bayi na can hannun hagu. Ko da yake na ga an makara."

"Ma'adini ne!" Lorne ya daka mata tsawa.

"Haka ne, Baba. Mijina ma kafin ya rasu ya yi fama da shi."

Darlene ta yi dariya har sai da ta zauna a kan dusar ƙanƙara. A mota yana ta gunaguni wai ai waje digiri goma sha biyar ne ƙasa da sifiri. Ta ce, "Waje ya sani. Cinyarka ce ba a gaya wa ba."

Zuwa na biyu ya tafi da kula cike da ƙanƙara, ya dawo da abinsa lafiya lau, ya kwantar da shi a firiza tsakanin naman barewa da kifi, ya garƙame da kwaɗo, ya rataya makulli a wuya. Mako guda cur waken gwangwani suka ci a gidan.

Saura zauren baje koli. Da yake makullin wurin a hannunsa yake, ranar Juma'a da rana ya lallaɓa ya kashe na'urar ɗumama zauren, ya bubbuɗe tagogi. Asabar da safe jama'a suka shigo suka tarar ciki ya fi waje sanyi. Tsofaffi na baje duwatsu haƙora na karo, kofi na hucewa kafin ya kai baki, famfunan bayi duk sun daskare, har ɗaya ya fashe. Aka manna takarda a ƙofa: mai bukata ya zagaya tsohon masai na katako da ke bayan zaure.

"Wane ɗan banza ne ya yi wannan aiki?" in ji sakatare.

"Mutane ba su da imani," in ji Lorne, yana kallon silin.

Sai ga Wendell ya buɗe nasa, wani dutse shuɗi mai walƙiya, kowa na "kai, kai, kai". Lorne ya leƙa nasa da ke kan faranti cikin akwatin gilashi. Fari ne fat, ba launi, ba ado, in ba a gaya maka ba sai ka ce ƙanƙarar firiza aka kankaro. Zuciyarsa ta sosu. Ya ruga gidan maƙwabcinsa mai kiwon kaji ya aro fitilu huɗu manya, ya jera su a kan akwatin ya kunna. Abin ya ɗauki ƙyalli kamar kayan amarya. Ya lulluɓe duka da bargo, don sai alƙaliya ta iso za a yaye.

"Maigida," in ji Darlene, "fitilun nan ba na ɗumama 'yan tsaki ba ne?"

"Haske haske ne, mace. Kaza ta san wani abu ne?"

Alƙaliyar ita ce Dakta Sandhu, malamar ma'adinai da aka gayyato daga birni, 'yar ƙaramar mace mai tabarau. Da ta karanta katin da Lorne ya buga da haruffan zinariya, idanunta suka yi waje. Katin ya ce: MERIDIANIITE. MALLAKAR L. KOWALCHUK. A BAR SHI A WURI MAI SANYI. KADA A MATSO.

"Da gaske? Malam Lorne, buɗe mu gani, maza!"

Ina! Farfesa ya samu jama'a. Ya faro daga duniyar Mars, ya gangaro kan dangin salfet gida gida, ya ƙirga ruwa goma sha ɗaya da yatsu har ya ari ɗaya a hannun sakatare. Minti ashirin yana zuba. Sannan ya kama gefen bargo ya fizge.

Kunu ne a faranti. Farin kunu tsararo, da ɗan gari-gari kwance a ƙasa, sai hankicin da ya shimfiɗa yana iyo a ciki.

Wendell ya leƙa, ya leƙa kuma. "Yaya, wannan ai shekara shida ina zubar da irinsa duk ranar da na wanke firiza. Ruwan famfo ka kawo mana?"

"Ruwan famfo? Ni? Zo ka lasa!"

"Allah ya kiyaye. Kai ne mai jami'a a baki."

Dariya ta ɓarke. Kunnuwan Lorne suka yi ja. Ya sunkuci farantin da hannu biyu, Dakta Sandhu na cewa "Tsaya, Malam, kada ka...", ya kafa kai ya shanye tas, har da suɗe gari-garin da yatsa. Fuskarsa ta tattare wuri guda, hawaye na zuba, gashin baki na ɗiga.

"Kun gani? Ɗaci! Ruwan famfo na da ɗaci ne? Salfet ne tsantsa!"

Dakta Sandhu ta cire tabarau ta dafe goshi. "Malam Lorne, ai ban musa ba. Cewa zan yi mu fitar da farantin waje. Da sanyin yau, da wuya in bai sake tsirowa ba kafin a raba kyauta, kuma ko tsinke ɗaya na gani, gudumar taka ce, don duk zauren nan babu abin da ya kama ƙafarsa. Yanzu me zan duba?"

Lorne ya kalli farantin. Ya kalli tumbinsa. Tumbin ya amsa da wata ƙara mai tsawo, wadda har na layin baya suka ji.

"Kuma ka ce ƙaninsa na wankin ciki ne," in ji Darlene a hankali. "To ga ka da wan."

Ya daure, a gaskiya ya daure. Ya zauna ya harɗe ƙafafu, gumi na keto masa cikin wannan sanyi. Sai da aka kira sunan Wendell a karo na bakwai, ana tafi, sannan Farfesa ya zabura ya nufi bayi, ya ci karo da takardar da ke manne a ƙofa. Famfunan da shi da kansa ya daskarar. Ya yi kwana, ya ratsa tsakiyar jama'a da wani irin gudu na gwiwa a haɗe, ya faɗa dusar ƙanƙara, ya tashi, ya shige masai na katako ya banko ƙofa.

Rabin zauren suka biyo shi. Wendell ya zo da katin zinariyar nan da ƙusa ɗaya, ya ɗaga Gudumar Zinariya, ƙwas, ƙwas, ya kafe shi a ƙofar masai. Ya ja baya ya karanta da ƙarfi: "Mallakar L. Kowalchuk. A bar shi a wuri mai sanyi. Kada a matso." Ya juya. "Dakta, ga shi an fitar miki da shi waje. Ko za ki jira ya tsiro?"

"Wendell!" murya ta fito daga ciki, tana rawa. "In na fito sai na..." Sauran maganar wata ƙara ta cinye ta.

Darlene ta buɗe jakarta, ta ciro abin da ta saya tun ranar da sakatare ya rubuta, ta sunkuya ta tura ta ƙarƙashin ƙofa.

"Maigida, tunda dai zama ya kama ka, kuma hannuwanka ba abin da suke yi, ga reza."