Fasfo a Kwallar Daddawa

"…da gajiya, angon ƙarya? Har ka ɗaure kaya?" in ji Hajiya Dada, tana tankaɗe a ƙofar ɗaki.

Salahuddeen ya durƙusa ya gaida kakarsa, amma hankalinsa ba ya jikinsa. A Ingila aka haife shi, fasfo biyu gare shi. Ran da ya iso Ketare ya danƙa mata su ajiya, don duk gidan ba mai adana irin nata. Jibi jirginsa zai tashi daga Abuja, ran Litinin yana da jarrabawa a Ingila. Ga tsohuwa ta miƙo masa koren kaɗai, ta yi mirsisi.

"Tsohuwa, ina ɗayan?"

"Wane ɗaya? Kai ɗaya, wuya ɗaya, mi za ka yi da takarda biyu? Ko ɓarawon shanu ne kai?"

"Koren na fita Najeriya ne. In ban nuna na Ingila ba, ba za su bar ni in hau jirgi ba."

"Alhamdu lillahi! Ga gonar dawa can tana jiran mijina."

"Ni da na sake ki tun bara? Ba haƙori, ba kitso!"

"Ja'iri! Wa zai kwashe ka in ba ni ba? Namijin da barkono ɗaya ya sa shi kuka da majina!"

"Hajiya, don Allah. In na rasa jirgin nan, shekara guda ta tafi."

Ta ajiye rariya. "Ubanka ma haka ya ce mani, zai komo da kaka. Shekara tara ke nan. Wanga na riƙe shi ne don hoton ciki, in riƙa duba mummunar fuskarka."

Nan fa jikin Salahuddeen ya yi sanyi, tausayinta ya kama shi.

"To, riƙe. Na fasa tafiyar."

"Ka ci gidanku! In zamna da rago mai cinye mani tuwo?"

Ta shiga ɗaki, ta buɗe kwallar daddawa, ta zaro fasfon daga ƙasa, ta haɗa masa da ƙulli guda. Ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Wayyo! Turawa za su toshe hanci!"

Ta kwashe da dariya, tana share ido da bakin zane.

"Su toshe mana. Su san kana da mai kai a Ketare."