Yadda Ake Mai da Hawayen Dillalin Albasa Fasaha

Jiya aka kafa allon tallan da ka ɗauki hotonsa a hanyar Argungu, yau ga mai kaya nan tafe shagonka na unguwar Badariya da sanda? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na lamunce maka allon ba zai sauka ba. Da su ne Silvanus mai hoto ya tsira.

1. San laifinka, amma kada ka amsa shi

Ɗantsoho, dillalin albasa na Augie, buhunansa ya ce a ɗauka. Silvanus ya ce buhu tsohon yayi ne. Ya yanka albasa a gindin hancin tsohon, ya ɗauki fuskarsa sharkaf da hawaye, bayansa baƙi ƙirin, ba buhu ko ɗaya. Da aka kafa allon, kafin azahar motoci uku sun isa Augie yi wa tsohon jaje.

2. Haramta wa bakinka "yi haƙuri"

"Kai ɗan nan, mi na yi maka?" in ji Ɗantsoho da ya iso shagon Silvanus da sanda. "Ƙanwata Sadatu tun daga Kamba ta taho da kuka, wai rumbuna ya ƙone."

Gyara gilashi, ka ce, "Baba, wannan ya wuce talla. Fasaha ce."

3. Yi bayanin da kai ma ba ka gane ba

"Albasar tana cikin hoton, Baba. Rashinta shi ne zuwanta."

Idan ya yi shiru, ya gamsu. Ko kuma riƙon sanda yake gyarawa. Matsa baya kaɗan.

4. Tambayi yadda masu jaje suka koma

Nan Silvanus ya ci gari. "Da suka tarar rumbu lafiya lau, hannu wofi suka tafi?"

Ɗantsoho ya ce, "Kowa dai ya sayi buhu, don kunya. Har Sadatu."

Sanda ta koma ƙasa.

"Bar allon wata guda," in ji Ɗantsoho. "Amma wanga hoto, hulata ta karkace. Gyara ta."

Gargaɗi

Ɗantsoho bai gama fita ba wani dogon mutum ya yi sallama, rungume da kwandon attarugu.

"Kai ne mai sa dattawa kuka? Surukina nika so ka ɗauka."

Ni albasa kawai na koyar. Wanda ya taɓa attarugu, shi da idonsa. Kada ya zo nemana.