Rasuwar Ɗan Kano, Fiyanon Mushe Tahiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mushe (wato Malam) Tahiru Mutari, malamin waƙa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Zinder, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramin fiyanonsa, Ɗan Kano, wanda ya yi shiru ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha tara a hannunsa.

Marigayin bai taɓa hawa dandali ba. Aikinsa ɗaya ne. Mushe yana rubuta waƙoƙin daka na mahaifiyarsa, Inna Nana ta Mirriya, da haruffa: do, re, mi, kowanne da lambar hawansa. Do na ƙasa da do na sama sunansu ɗaya, lamba kaɗai ke raba su. In ya sa uku inda huɗu ta dace, sai muryar tsohuwa ta faɗa rijiya. Marigayin ke kama kuskuren. A danna shi, ya ce "tiiin", Mushe ya goge cikin kunya. Bai taɓa tona masa asiri gaban ɗalibai ba.

Ciwon ajali ya soma da damina, wata huɗu bayan rasuwar Inna, lokacin da ɗaki ya yi yoyo. Muryarsa ta riƙa sauka hawa guda, ta dawo, ta sake sauka. "Tiiin" ya koma "tuuun". Mushe, da ya fi yarda da shi bisa kunnensa, ya bi waƙa tara yana gyara abin da ba shi da laifi. Sai da ya rera wa matarsa Zuliha ɗaya, ta ajiye tsintsiya ta ce Inna ba ta taɓa yin wannan tsuwa ba. Tsofaffin lambobin kuwa ya riga ya goge su, kuma Inna ba ta taɓa yarda a ɗauki muryarta ba. Duk da haka Mushe ya yafe wa majinyacin.

Marigayin ya bar littattafan rubutu uku, wayar wuta ɗaure da roba, waƙa talatin da ɗaya lafiyayyu, da tara marayu.

Za a naɗe shi cikin farin zane, a ɗora bisa kabad ranar Lahadi bayan la'asar, a gidan Mushe da ke Birni. Kada kowa ya wahalar da kansa da goro. Amma duk matar da ta taɓa riƙe taɓarya kusa da Inna Nana, don Allah ta zo, ko da baiti ɗaya ta tuna. Za a biya mata kuɗin mota.