Kujerar Taga a Motar Jidda

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da muka bar Makka, ko da kuwa na so in manta, domin Yaya Bilki tana nan da ranta, kuma ba ta da niyyar barin maganar ta mutu.

Umara muka je ni da ita, jim kaɗan bayan na gama jami'a. Ba mu ma cika mako biyu a garin ba. Amma ni mai son rubuta waƙa ce (wannan ita ce cutar da ba a gano da wuri ba a gidanmu), don haka tun kafin in ga Ka'aba na riga na tsara yadda zan rabu da ita. Zan zauna a bakin taga, mota tana tafiya, duwatsun Makka suna wucewa ta bayana, ni kuma ina kallon nesa kamar wadda aka raba da uwarta. Sai in ɗauki bidiyo, in ɗora muryata a kai ina karanta waƙar bankwana. Har sunayen waɗanda zan fara tura wa na tanada a raina.

Ana gobe za mu tafi na naɗi muryar. Na shige cikin bargo don kada ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ta ɓata mini aiki, Yaya Bilki kuma tana gefe tana danna dabino da jallabiyoyi cikin akwati tana mita. Na karanta, na sake, na kuma sakewa. Ban tsaya saurare ba, na ce sai a mota zan zaɓi wanda ya fi taɓa zuciya.

Makka ba ta da filin jirgi, sai an je Jidda. Otal ɗinmu yana da ƙaramar bas da ke kwasar baƙi a haɗe, kowa da jirginsa, a sauke su gaba ɗaya. Tun direba bai gama ɗaure kaya ba na shige na kame kujerar taga ta hannun dama, layi na biyu. Yaya Bilki ta samu wuri a can baya tsakanin akwatuna. Gaba kuma wani Alhaji ne ɗan kasuwa daga Maraɗi, mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya. Sauran tagogin maza ne da kaya suka cike su.

Ana shirin tashi sai wata mata mai aikin shara a otal ɗin ta riƙo hannun wata tsohuwa ta kawo ta bakin mota. Suka rungume juna ba tare da doguwar magana ba. Tsohuwar ta hau da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta zauna kusa da ni. Kayanta jaka ɗaya ce da wata tsohuwar butar shayi da ta ɗaure a cikin ɗankwali ta rungume a cinya.

Muka gaisa. Ta ce sunanta Inna Tabawa, mutuniyar wajen Daura.

“Ɗiyata,” ta ce, “ko za ki taimaka ki ba ni tagar nan? Akwai wurin da nake so in gani a hanya. Ta wannan gefen yake. Da mun wuce shi, halas, shi ke nan, sai in mayar miki da wurinki.”

Na dube ta, na dubi tagar. Hasken hantsi yana shigowa daidai yadda na yi mafarkinsa. Sai na ji bakina yana cewa, da wata irin murya mai ladabi, “Wallahi Inna da na ba ki, amma mota tana sa ni jiri. Idan ba a taga nake ba, amai nake yi.”

(Ni da nake karanta littafi tun daga Kano har Abuja a kujerar tsakiya ba tare da ko hamma ba.)

“Ayya, sannu,” ta ce. “Zauna abinki.”

Ta buɗe jakarta ta laluba, ta miƙo mini baƙar leda da ƙwayoyin kanumfari guda uku, ta ce in riƙa tsotsa. Na karɓa na yi godiya. Har na ɗan yamutsa fuska don kada kanumfarin ya tafi a banza.

Direban haifaffen Makka ne, iyayensa Hausawa, amma Hausar tana fita daga bakinsa kamar wadda ta yi doguwar tafiya. Ya ce, “Yalla, kowa ya zauna?” ya kunna karatun Alƙur'ani a hankali, muka tashi. Na lura wayata ta kusa mutuwa, na roƙe shi wayar caji. Ya miƙo mini wata doguwa daga gaba, na jona, na manta da ita.

Alhajin Maraɗi ba ya iya zama shiru. Ya waiwayo ya tambayi kowa garinsu da jirginsu, har ya zo kan Inna Tabawa.

“Hajiya, umara ta nawa ke nan?”

“Ni ai a nan nake,” ta ce. “Shekara talatin da wani abu. A unguwar Nakkasa.”

Ta ba shi labarin a taƙaice, kamar mai faɗin farashin gishiri. Da mijinta suka zo, yana ɗinki, ita tana yin abincin sayarwa, lokacin aikin hajji kuma ta tafi Arfa girki. An rushe yawancin unguwarsu, ɗakinsu yana ciki. Mijin ya rasu. Takardar zamanta ta ƙare, ba mai sabunta mata, aka buga mata fita ta ƙarshe. Za ta koma wurin ɗan ƙaninta, wanda ba ta taɓa gani ba sai a waya.

“Ke nan ba dawowa?” in ji Alhaji.

“Da waɗannan gwiwoyin? Halas.”

Kada mai karatu ya ce ban ji ba. Na ji sarai. Har na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, sai dai abin da ya motsa ɗin ba tausayi ba ne, baiti ne. Na ce a raina, wannan ai waƙa ce guda. Na kalle ta na ga idonta a bushe ƙamas, har na yi mamakin yadda wasu mutane ba sa jin zafin rabuwa kamar yadda mu masu zurfin zuciya muke ji.

Mota ta hau babban titi, duwatsu suka fara bayyana ta gefena. Na ce lokaci ya yi. Na gyara hijabi, na juya baya ga taga, na ɗaga waya, na karkata kai, na runtse ido rabi. Na ji Inna tana matsowa, kafaɗarta tana dannar tawa, tana miƙa wuya ta hagu, tana miƙawa ta dama. Ta ɗan taɓa ni.

“Ɗiyata, ɗan sunkuya kaɗan.”

“To, Inna, yanzu,” na ce ba tare da na motsa leɓe sosai ba, don kada bidiyon ya lalace.

Da na gama na sauke waya, ta riga ta koma ta jingina, ta rungume butarta.

Saura zaɓen murya. Na saka abin sauraro a kunne, na buɗe abin da na naɗa jiya, na rufe ido, na danna.

“Ya garin da duwatsunsa suka san sunana,
Zan tafi, amma inuwata ta ƙi tashi daga ƙofarka...”

Kai, muryar ta fito! Ta cika, ta yi faɗi, kamar daga ko'ina take zuwa. Na ce ashe abin kunnen nan da na raina yana da kyau haka. Na ƙara sauti.

“Zan tafi, amma inu... a'a. Muryar ba ta karye ba. Bari in sake.” Sai tari. Sai jan majina na ƙarya. “Zan tafi... Yaya, don Allah ki daina jan zif ɗin nan, ina kuka ne!”

Muryar Yaya Bilki ta biyo baya, tar da ita: “Kukan me? Ke da kika cinye kaza guda yanzun nan?”

“Miƙo mini man zafin nan in shafa a ƙasan ido, ko hawayen zai sa muryar ta yi rawa.”

A nan ne na lura karatun Alƙur'anin da ke tashi a mota ya ɗauke. Na lura kuma muryar tana fitowa har daga ƙarƙashin kujera. Na buɗe ido. Alhajin Maraɗi ya juyo gaba ɗaya, ya ɗora haɓa a kan kujera. Direba yana kallona ta madubi. Ashe wayar cajin nan a jikin rediyon motar take.

Na shiga danne-danne. Wayar ta suɓuce ta faɗa tsakanin kujera da ƙofa, inda hannun ɗan Adam ba ya kaiwa. Ita kuwa ta ci gaba da aikinta, domin jiya ban kashe naɗin ba bayan na fito daga bargo.

“Gobe dai dole in samu taga,” in ji ni ta jiya, baki cike da dabino.

“In wani ya riga ki fa? Ko wata tsohuwa ta roƙe ki?”

“Sai in ce amai nake yi. Wa zai so a yi masa amai a jiki?”

Muka yi dariya, ni da Yaya Bilki ta jiya, dariya mai daɗi, ta cika motar har baya.

Direba ya miƙa hannu ya zare wayar cajin. Motar ta yi tsit. Ina riƙe da baƙar ledar nan a hannu ɗaya, kanumfari yana bakina, na rasa ko in haɗiye ko in tofar. Na waiwaya neman agaji wurin Yaya Bilki, na tarar ta ja mayafi ta rufe fuska ta zama akwati a cikin akwatuna.

Alhaji ne ya fara magana. “Malama,” ya ce, “na biyun nan ya fi. Wanda kika yi tari.”

Wani a baya ya tuntsire, sauran suka bi. Direba ya ce, “Masha Allah, murya akwai,” yana girgiza kai. Da ƙasa tana tsagewa a kan titin Jidda, da ni ce ta farko a ciki.

Inna Tabawa ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Na miƙe a sunkuye, kaina ya bugi rufin mota.

“Inna, dawo nan. Don Allah ki dawo taga.”

“Zauna, ɗiyata,” ta ce. “Mun wuce tun ɗazu.”

Daga nan zuwa Jidda tafiya ce mai ɗan tsawo, kuma babu komai a hanya sai rairayi da allunan talla. Na samu tagar da nake so, ni kaɗai, har muka isa. Ban taɓa sanin kujera tana iya yi wa mutum zafi haka ba. Sau ɗaya Inna ta yi magana. Ta dubi ledar da ke hannuna ta ce, “In ba ki buƙata, ba ni abata, zan sa takalmi.”

A filin jirgi, muna jiran a sauke kaya, na zaro wayar daga inda ta maƙale. Sai wani tunani ya zo mini, irin na wanda ruwa ya ci ya ga kara. Na je wurinta na durƙusa.

“Inna, na ɗauki bidiyo lokacin da muke wucewa. Ko wurin ya fito a ciki?”

Ta karɓa ta nisanta wayar daga idonta. Muka kalla tare. Fuskata ce ta cika allon, daga goshi har haɓa, idanu a lumshe, ana fama da baƙin cikin da man zafi bai samar ba. Ta gefen kunnena na dama akwai wani ɗan tsagi, bai fi faɗin yatsa biyu ba, inda dutse da rusassun gine-gine suke wucewa da gudu.

“Tsaya,” ta ce. “Koma baya.”

Na koma. Ta ɗora yatsa a kan allon, daidai gefen hijabina.

“Ga shi nan. Kin ga wancan koren? Masallacinmu ne, shi ba su taɓa shi ba. A bayansa ɗakinmu yake.” Ta miƙo mini wayar. “Sake.”

Na sake mata har sau nawa ban sani ba. A nan ne na ga idon da na ce a bushe yake. Ba ta yi sauti ba, ba ta karkata kai ba, ta sa gefen mayafi ta goge, ta ce in tura wa ɗan ƙaninta a waya, ta karanto mini lambar da ka. Na ce bari in yanke fuskata, in bar mata gefen kawai. Na gwada, hoton ya dagule, koren ya zama tabo.

“Bar shi yadda yake,” ta ce. “Ai kin yi kyau.”

Jirginmu ba ɗaya ba ne. Ta ɗauki jakarta da butarta ta bi layinta, ni kuma na bi Yaya Bilki, wadda ta jira sai da muka zauna a jirgi, muka ɗaura bel, sannan ta karkato ta raɗa mini, “Inuwar taki ta taso, ko mu jira ta?”

Waƙar ban tura wa kowa ba. Bidiyon kuma mutum ɗaya ne yake da shi a duniya. Wani lokaci nakan tuna cewa a wani gida a wajen Daura akwai tsohuwar da, duk ranar da kewar shekara talatin ta taso mata, dole sai ta kalli fuskata tana baƙin cikin ƙarya kafin ta hango masallacinsu ta bayan kunnena.

Tun daga ranar, in na shiga motar haya nakan zauna a tsakiya, in bar taga ga wanda yake da abin gani. Ba na kuma karɓar wayar cajin direba, ko da wayata za ta mutu a binne ta.