Mashayar Lantana

A wani daji da rafinsa ke ƙafewa duk bazara har ya rage kududdufi ɗaya tak, an daɗe da raba bakin ruwan kashi-kashi. Zabi da mashayarsu, agwagi da tasu, haka bareyi da birai. Kafin ka sa baki a ruwa sai ka yi kukan kakanninka, mai gadi ya ji, ya ce wuce. Ba wanda ya san dalilin wannan tsari, shi ya sa kowa ke ganin girmansa.

Lantana agwagwa ce, amma zabuwa ce ta ƙyanƙyashe ta. Zabuwar, Inna Marka, ta tsinci wani ƙwai a ciyawa bayan wata ambaliya, ta haɗa da nata, ba ta tsaya tambayar asali ba. Lantana ta tashi da jikin agwagi da kukan zabi. Tana ƙarama ana ƙyale ta ta sha a gefen Inna. Shekarar da ta girma, mai gadin zabi ya tare ta.

"Kukan namu ne, 'yar nan, ba ƙarya. Amma dubi ƙafafunki. Wa ya taɓa ganin zabuwa da faifai a ƙafa?"

Ta gangara wurin agwagi. Dattijuwarsu, Goggo Asabe, ta saurari kukanta, ta yi dariya har da tari.

"Allah Sarki! Jiki namu, harshe na 'yan tudu. Je ki koyo magana ki dawo."

Kwana biyu tana tsotsar ɗanyen ganye. A na uku Inna Marka ta ja ta zuwa majalisa, ƙarƙashin tsamiya, inda Gwanki ke shugabanci.

"Ranka ya daɗe," in ji Inna, "ni na kwanta kan ƙwan nan har ya fashe. In ba 'yata ba ce, 'yar wa ce?"

Gwanki ya daɗe yana tuƙa, sannan ya ce, "Magana ce mai nauyi, ba ta son gaggawa. Za mu naɗa kwamiti. Kunkuru ya shugabanta, Hawainiya ta taya shi. Su binciko mana, ƙwai ke da asali ko mai kwanci."

Majalisa ta ɗauka da yabo. Lantana kuwa, da ƙishirwa ta ishe ta, sai ta matso gaba ta ce:

"Ranka ya daɗe, kafin su gama me zan sha? Inna ta rene ni, ba zan musa ta ba ko a gaban wa. Ƙafafun nan kuma ba aro na yi ba. Kuna so in ɗauki rabina in yar da rabi, don mai gadi ya ji daɗin aikinsa. To, ba na yar da komai."

"Yaran yanzu ba kunya," in ji wani tsohon biri, alhali gemunsa na ɗigar ruwa.

Lantana ta fice, ta haura busasshen rafin. Zabi sun koya mata tono, sai dai su tsaba suke nema, da sun ji danshi sai su janye ƙafa. Ita kuwa jikinta danshi yake so. Ta dinga cusa baki cikin yashi tana lalube har ta ji sanyi-sanyi, sannan ta kama tono irin na gidan Inna, da ƙafafun nan da aka yi wa gori. Kafin la'asar ruwa ya tsattsafo, garau, ba irin dagwalon da ake gadi ba.

Inna Marka ta fara sha. Ta ɗago ta ce, "Sai ki nemi mai gadi."

"Ya tambayi me, Inna?"

Washegari wata bushiya da ba ta da dangi a dajin ta zo. Sai wani tsohon zomo da muryarsa ta dusashe har mai gadinsu ya daina gane ta. Sai 'yan mata da samari, don ba layi, ba tambaya. Goggo Asabe ma ta zo, wai wucewa take yi, kuma kullum wucewar take yi. Duk wanda ya sha, Lantana ta nuna masa yadda ake tono. Rami ɗaya ya zama bakwai.

Sai da hadari ya fara haɗuwa kwamiti ya kammala. Ya gano cewa Lantana ba zabuwa ba ce, ba kuma cikakkiyar agwagwa ba, saboda haka ba ta da mashaya a dajin nan. Kunkuru ya isa gindin tsamiya don karanta hukuncin, ya tarar ba kowa. Dole ya rarrafa har bakin ramukan, ya roƙi Lantana ruwa ya jiƙa maƙogwaro, sannan ya fara karatu.